Kawu Halliru Ba Shi Korar Ɗan Cin Rani

Duk mai zama teburin shayi na bakin tashar Goronyo ya san yadda ake yi da sunan Kawu Halliru kwanakin nan. Da an ambace shi sai a kece da dariya, wani ya ce, "Sarkin da ya rushe ƙasarshi da hannunshi!" To ku yi ta yi, haƙoranku ne. Ni Zaharaddeen, ɗan yayarshi, wanda aji uku na sakandare ya ishe ni na ce ma boko mu haɗu gaba, ni zan rubuta yadda abin ya faru, don in za a yi dariyar a san abin da ake ma ita.

Kawu Halliru ƙanen innata ne. Manomin albasa ne a ƙasan madatsar ruwa, da damina kuma shinkafa, da ɗan gero can tudu wajen Boyekai. Gajere ne, amma in ya tsaya sai ka ce turke anka kafa. Babban yatsanshi na dama ya kai faɗin bakin ludayi, taɓo da sanyin ruwa sun tsattsaga shi, in ya danna waya wuri guda abu uku ke buɗewa. Tun shina yaro ake ce mashi Na-ƙi. Kakata Inna Asabe, wadda ta haife shi, ta ce ranar da anka shafa maɗaci don a yaye shi, lashe maɗacin ya yi tas ya ci gaba da abin da ya kawo shi.

A wajenmu da an kai amfanin gona gida, rabin mazan gari watsewa suke cin rani. Wasu Ibadan dako, wasu Legas kabu-kabu, wasu inda Allah ya nufa. Kawu bai taɓa zuwa ba, albasa ba ta barin mai ita ya je ko'ina. Shi ya sa shi ake bar ma riƙo. Mai tafiya ya zo ya ce, "Halliru, ga fadamata nan, ga tunkiyata," shi ko ya ce, "Allah shi kiyaye hanya," magana ta ƙare. Riƙo kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne ka kula da abin mutum kamar naka alhali kana sane mai shi zai zo ya karɓa, ko shekara nawa ya yi. Akwai wani maƙwabcin gonarshi da ya daɗe a Gana har danginshi sunka fara maganar rabon gado. Kawu ya hana kowa taɓa gambar kan iyaka. Mutumin ya dawo da furfura ya iske gambarshi inda ya bar ta.

Wasan da ya jawo duk wagga magana ƙanenshi Bilyaminu ya kawo shi gari. Kawu Bilya autan Inna ne, da kaɗan ya girme ni, don haka kawuncin nashi a baki ya tsaya, tare munka sha duka kan mangwaron mutane. Wasan na waya ne, sunanshi na Turanci ya fi ƙarfin bakinmu, mu Cin Ƙasa muke ce mashi. Ana ba ka ɗan gari a kan wata babbar taswira, ka gina rumbu, ka tara sojoji. Mutum guda ba ya tsira, sai an haɗu an yi runduna, kowace runduna kuma kujera hamsin gare ta, ba a ƙari. Runduna ita ke kafa tutoci a kan taswira, duk inda tutarku ta tsaya ƙasarku ce. Wanda ke buɗe wasan sunanshi tsanwa shike nunawa, wanda ya kwana biyu bai leƙo ba sunanshi ya koma toka. Abu guda kuma da ya kamata ku riƙe: garin da mai shi ya daɗe bai shigo ba, matuƙar shina cikin runduna kuma cikin ƙasarta, shina nan. Ranar da anka fitar da shi, kamfanin wasan zai share shi daga taswira kamar ba a taɓa yi ba.

Bilya ya kafa rundunarmu, ya sa mata Bakin Rima. Shi ya sa ma yayanshi wasan a waya, don ya samu abin yi lokacin da shike zaune gindin injin ban ruwa shina jiran fangali ya cika. Da farko Kawu cewa ya yi wasan yara ne. Bayan ɗan lokaci sai ga shi shina tambayata a ɓoye, "Kai, wanga rumbu, in ya cika ina ake kai sauran?" Bai karanta Turanci, hoto shike bi. Umurni kuma da saƙon murya shike ba da shi a zauren hirar runduna, kana ji injin na tatata a bayanshi.

Rani biyu da sunka wuce Bilya ya ce zai tafi haƙar zinari can arewacin Nijar. Ranar tafiya ya miƙa ma yayanshi shugabancin runduna, ya ce, "Yaya, riƙe min."

Kawu ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Watannin farko shikan kira, har ya leƙo wasan ya zage mu kan mun bar ganuwa ta lalace. Daga baya kira ya ɗauke. Lambar ba ta shiga. An tambayi duk wanda ya dawo daga wajen, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ƙara gaba, wani ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Sunan Bilya ya koma toka, ya zauna haka.

Tun daga nan Inna ta ƙirƙiro wata al'ada. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ta aika a kira Kawu, ta ce a nuna mata gidan Bilya. Ba ta san mi ake yi da wasan ba, ba ta kuma son sani. Sai ya buɗe, ya ja taswira da yatsan nan nashi har bakin kogin da ke cikin wasan, ga ɗan gari da rufin shuɗi, ga sunan a bisa. Ta kawo wayar dab da hancinta.

"Shina nan?"

"Shina nan, Inna."

Ni kuma aikina in tsokane ta, jika ai ba shi da laifi. "Amaryata, ke da ko lambar waya ba ki ganewa, mi kike gani ciki?"

"Tahi can, mijin banza, wanda ko zane bai taɓa saye ba. Rumbunai nike gani. Wa ka share mashi ƙohwar gida?"

"Ni."

"Shi as sa ta yi datti."

A daminar bara Bakin Rima ta yi tashe. Kowa na gida, an dawo daga gona an ci tuwo an ɗauki waya, kujera hamsin kusan duk tsanwa. Munka yi ta kafa tuta kamar masu shukar wake, gabas da yamma. Munka ci ramin zinarin da kowace runduna ke kwaɗayi, munka ci wani dutse da ni da kaina na jagoranci ɗaukarshi, har na sa ma tutar suna Zaharaddeen Ya Iso. A taswirar nan kaf ba wanda ya kai mu faɗin ƙasa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa mutanen damina ba su ne mutanen rani ba.

Kaka ta yi, anka ɗaure dame, motoci sunka fara kwasar maza. Ɗan cin rani kuwa ba shi da lokacin wasa: wani ya sai da wayar ya yi guzuri, wani ya koma ƙaramar waya mai tocila, wani dako ya kashe mashi jiki. Sunaye sunka riƙa komawa toka ɗaya bayan ɗaya har fiye da rabi. A da wannan ba komi ba ne, tuta na tsayuwa ko da mutum ko babu. Sai a bana kamfanin ya fito da sabuwar doka: za a riƙa auna faɗin ƙasar runduna da yawan mutanenta masu tsanwa. In ƙasa ta fi mutane, ganuwar tutoci za ta yi laushi ko'ina, har ɗan yaro da sojoji goma ya ture ta. In mutane sun ishi ƙasa, ganuwa ta yi tauri. Gaskiya dokar ba ta da laifi, ko a gona wanda ya share abin da ya fi ƙarfin hauyarshi ciyawa ke cinye shi. Amma mu ta zo ma a wuya.

A nan Yari ya shigo labarin. Yari mutumin Rabah ne, shina gyaran babur, shi ke shugabancin wata runduna maƙwabciyarmu mai suna Dakarun Gandi. Tashi matsalar kishiyar tamu ce: kujerunshi duk cike da 'yan tsanwa, ga wasu a waje suna jiran gurbi, ƙasarshi kuwa ba ta fi tafin hannu ba. Ranar kasuwar Goronyo ya tako har rumfar albasa, ya iske Kawu shina ɗinke bakin buhu, ina riƙe mashi.

"Baba Halliru, an wuni lahiya? Ya kasuwa?"

"Kasuwa ta gode Allah. Kai ad da mutanen da ka leƙen tutocina da sahe?"

Yari ya yi dariya ya zauna kan buhu. "Leƙe ai ba sata ba ne, Baba. Magana nika tahe da ita, mai daɗi. Kai kana da ƙasa ba mutane, ni ina da mutane ba ƙasa. Ka hidda matattun sunayen nan naka, in turo maka samari ashirin da biyar, waɗanda ko bayan gida da waya sukan shiga. Ƙasarka ta tsaya, ka zauna sarkinka. Ko tuta guda ba ka rasawa."

Na rantse maganar ta shige ni. Na saki buhun har albasa ta gangaro.

Kawu bai ɗago ba. Ya zura basilla ya ja. "Waɗanne na matattu?"

"'Yan tokan mana."

"Ka je jana'izarsu?"

"Haba Baba, wasa na hwa."

"To in wasa na, mi ak kawo ka tun daga Rabah da ranar ga?"

Masu rumfar kusa sunka fashe da dariya. Yari ya share zufa, bai ji haushi ba, mutum ne mai son raha. Ya ce, "Baba, in ka ƙi, doka na ba ni dama. Ganuwarka ta zama kunu. Ni ban so, amma yarana yunwar ƙasa sukai."

"Ku ci abin da kunka iske a buɗe. Kujerun nan dai da masu su. Isa na Ibadan, Atiku na Legas, sauran kowa na san ƙohwar gidan ubanai. Riƙo anka ba ni."

Yari ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Na-ƙi dai Na-ƙi na. Allah shi ba da kasuwa."

Kafin la'asar labari ya gama zauren runduna, wuri ya kama wuta. Samarinmu sun sha wahalar cin ƙasar nan, wasu sun hana kansu abubuwa don su sayi data. Washegari da yamma sai ga su sun biyo Kawu har gona, mu kusan ashirin, munka zauna kan kunya, shi kuma shina tsaye cikin ruwa da fartanya shina buɗe ma fangali baki. Kowa ya faɗi tashi. Can sai Iliyasu, mai shagon caji, wanda ya fi mu iya lallashi, ya gyara murya.

"Baba, mun san inda ke yi maka ciwo. Ba wanda ya ce a taɓa garin Bilya. A bar kujeratai har abada. Sauran 'yan tokan ɗai za a hidda, in sun dawo su sake sabon gari."

Kowa ya ce wannan ita ce magana. Ni ma na gyaɗa kai, don a ganina an raba gardama.

Kawu ya kashe injin. Ya fito daga ruwa, ƙafafunshi baƙi ƙirin da taɓo.

"Iliyasu, uwar Isa ba goggonka ta ba?"

"Ita ta."

"In bar ɗan innata in kori nata ɗan. In na gamu da ita bakin rijiya in ce mata mi? Ɗanta bai kai ba? Isa shekara nawa yay yi shina gina garin nan, ku kun sani. Bai ce in ya daɗe in ba wani ba. Cewa yay yi sai na dawo." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ƙasa ta hi mu, na yarda. To ƙasar za a rage. Ba ni rage mutum."

Wani ya ce, "Mu rage ƙasa? Da hannunmu?"

"Da hannunmu. In ruwa yat taho da damina, wa ka tsayawa hwaɗa da shi cikin hwadama? Tudu aka hawa a bar mashi. Ba ni jiran yaran Yari su ture min tuta suna ihu. Mu munka kahwa, mu ka cirewa. Kuma daga yau kowane mai tsanwa zai ɗauki garin mai toka guda, shi aje sojojinai ciki, shi riƙe awa nashi. Wanda bai iyawa, ga hanya nan, ba ni riƙe kowa da igiya."

Ya ja igiyar injin, tatata ta dawo, taro ya tashi. A daren nan mutum shida sunka fice sunka koma jiran gurbi wajen Yari, har da Iliyasu. Ma'ana mun ƙara raguwa, ƙasar da za mu iya riƙewa ta ƙara ƙanƙancewa. Na faɗa ma Kawu haka, ya ce, "To a ƙara cire tuta."

Sai kuma wata matsalar. Garuruwan yawancinmu a dunƙule suke tsakiyar ƙasa, amma garin Bilya can shike gefe, bakin kogi, inda ya fara kafa runduna tun ba kowa. Da munka yi ƙarfi nesa da kogi munka faɗaɗa, munka bar shi a baya. In ana son ya zauna cikin ƙasarmu, dole a bar jerin tutoci siriri tun daga tsakiya har can, ta cikin wani fili na laka da ba ya ba da ko itacen girki. Tutocin da doka ta yarje muna kuwa ba su isa a riƙe wannan zirin a kuma riƙe ramin zinari ba. Ɗaya za a ɗauka.

Wanda duk ya san Kawu ya san wanda ya ɗauka.

Ranar cire tutoci da hantsi anka fara. Kawu ya ce kowa ya cire wadda ya kafa, don kada wani ya ce an yi mashi. Na zauna gindin mangwaron gona ina kallon Zaharaddeen Ya Iso, yatsana ya ƙi dannawa. Na ce, "Kawu, ko wagga guda a bari, don tarihi."

"Tarihin mi? Ka iso, an gani, koma gida."

Na danna. Tutar ta faɗi, dutsen ya koma fari fat kamar ban taɓa zubar da sojoji a kanshi ba. Shi kuwa Kawu da kanshi ya cire ta ramin zinari, yatsan nan ya danna sau guda, karo na farko a rayuwarshi abu guda ya buɗe. Kafin azahar Dakarun Gandi sun bi sun kafa nasu ko'ina. Abin da ya rage muna a taswira, in ka gani sai ka ce faifai ne anka ɗaura ma igiyar guga. Daga nan 'yan shayi sunka samo sunan da suke kiranmu da shi, Rundunar Wutsiyar Ɓera. Wani har waƙa ya ƙaga. Ni da bakina bai mutuwa, na sha mayar da martani har mai shayi ya ce in ban bari ba zai hana ni kofi.

Ni anka ba riƙon garin Isa. Kullum da safe kafin in duba nawa sai na duba nashi, in kwashe amfanin gonakinshi in zuba rumbu, in gyara ganuwa. Kawu shi ya ɗauki na Bilya da duk sauran da ba wanda ya rage ya ɗauka.

Yaran Yari ba su ƙyale mu ba. Sun ga zirin nan siriri, sunka ce in an yanke shi ko'ina ne, garin bakin kogi ya fita daga ƙasarmu, kuma tunda tsoho ya bar zinari saboda shi, lalle akwai dukiyar da anka ɓoye ciki. Sunka zaɓi ranar da ta fi kowace muni, ranar cirar albasar Kawu, da rana tsaka, ga mata masu yankan ganye cike da gona, ga mai mota na jira. Wayata ta fara ƙara, tashi ta fara. Kawu ya dubi albasa, ya dubi waya. Ya goge hannu a riga, ya danna saƙon murya.

"Bakin Rima, kowa shi aje abin da shikai. A tura sojoji wutsiya. Duka. Kar a bar ko mai gadi."

Ya tsuguna nan tsakiyar kunya, rana na dukan ƙeyarshi. Matarshi Hassana ta ɗago daga cikin masu yanka ta ce, "Malam, mai mota hwa na magana."

"Shi yi ta yi. Ba shi albasa guda shi ci."

Abin da yaran Yari ba su lissafa ba shi ne dokar nan kaifi biyu gare ta. Mu yanzu mutanenmu sun ishi ƙasarmu har da rara, ganuwarmu ta yi taurin dutsen niƙa. Su kuwa sun haɗiye abin da ya kusa fin cikinsu, sojojinsu sun warwatsu gadin sabbin tutoci. Sunka kawo hari na farko ya watse, na biyu ya watse. A na uku wata tuta ta tsakiyar zirin ta yi ja, saura ƙiris ta faɗi. Kawu ya kwashe sojojin garinshi na kanshi kaf ya tura, ya bar gidanshi a buɗe. Sunka gani, sunka juya sunka wawashe mashi rumbu tas, abin da ya tara tun zamanin Bilya. Tutar dai ba ta faɗi ba.

Da la'asar Yari ya turo saƙon murya, Kawu ya buɗe kowa na ji.

"Baba Halliru, don girman Allah, mi ac cikin garin nan? Mun leƙa, rumbu rabi, sojoji tsohhin yayi. Ka bar zinari, ka bar gidanka anka kwashe. Mi ac ciki?"

Kawu ya kai wayar bakinshi. "Mai shi bai dawo ba." Ya saki, ya sa ta aljihu, ya ce ma mata a ci gaba da yanka.

Ba wai tausayi ya kama su ba, kada ma wani ya ce. Sun sake gwadawa sau da yawa cikin rani, sunka ga asarar sojoji kawai suke a kan laka, sunka gaji sunka koma faɗa da wasu can gabas. Mu kuma munka zauna cikin faifanmu, mafi ƙanƙantar runduna a taswira, ana yi muna waƙa.

Da hadarin farko ya haɗo, motoci sunka fara sauke 'yan cin rani. Wata safiya na buɗe wasan zan kwashe ma Isa amfani, sai na ga sunanshi tsanwa. Kafin in rufe baki ga shi ya kira ni, shina murna kamar wanda anka yi ma haihuwa.

"Zaharaddeen! Garina na nan! Wa ac cika min rumbu haka?"

"Bawanka. Ka taho min da tsarabar Ibadan ko in kwashe abina."

"Ni na ɗauka an share ni tuni. Can wani yac ce min duk rundunonin sun kori 'yan tokansu."

"Sauran dai. Mu Na-ƙi ka muna sarauta."

Da yamma ya zo gona da kanshi, ya tsuguna ya gaida Kawu. Kawu ya ce, "Ka iske tunkiyarka ta haihu, je ka gani," ya ci gaba da gyaran bututu. Haka sunka riƙa dawowa, Atiku, da wane da wane, tsanwa na ƙaruwa. Wasu ba su koma wasan ba sam, sun ce sun girma, amma sai da bakinsu sunka faɗa, sannan Kawu ya ba da kujerunsu. Iliyasu ma ya aiko a roƙa mashi gurbi, don kujerar da ya bari tuni an ba wani. Kawu ya ce in an samu wanda ya saki da kanshi, bismilla.

Da munka ga mun yi yawa, jinin samari ya motsa, munka ce a fita a ƙwato ramin zinari da dutsena. Kawu ya ce a'a. Ya ce daga yanzu Bakin Rima ba ta kafa tutar da mutanen rani ba su iya riƙewa, komin yawanmu da damina. Munka yi gunaguni, ya bar mu muna yi. Tuta kaɗan ya yarda anka ƙara, duk a gefen zirin nan, ya yi kauri.

Sunan Bilya har yau toka ne. Ba mu ji komi ba, mai daɗi ko marar daɗi. Juma'ar da ta wuce Inna ta aika, Kawu ya zo da rigar masallaci, ya zauna bakin tabarmarta ya buɗe waya. Ta kai ta dab da hanci, ta daɗe.

"Shina nan?"

"Shina nan, Inna."

"Na ga an ƙara mashi tutoci."

"An ƙara."

Ta miƙa mashi wayar, ta juyo kaina. "Kai kuma, mijin banza, an ce 'yan tasha na yi ma ɗana waƙa kana zaune."

Na ce, "Amarya, ina zaune? Rubutawa nikai, duk in tona su."

"To ka rubuta da kyau. Ka ce musu ni nis sa mashi suna Na-ƙi."

Ga shi na rubuta, Inna. Ku kuma 'yan teburin shayi, Kawu na gona, in akwai mai ƙarin waƙa ya same shi can, ya taho da fartanya.